Intel ko AMD: A Fara Tambayar Wuta da Zafin Ɗaki Kafin a Tambayi Gudu

Cikin makonni biyu kacal a ƙarshen shekarar 2024, manyan kamfanoni biyu da suka raba kasuwar furosesa a tsakaninsu kowa ya baje hajarsa. Ranar 24 ga Oktoba, Intel ya fito da jerin Core Ultra 200S, babbansu Core Ultra 9 285K a kan dala 589. Ranar 7 ga Nuwamba, AMD ya biyo baya da Ryzen 7 9800X3D a kan dala 479, masu wasannin kwamfuta suka yi wawarsa har ya yi wuyar samu na tsawon makonni a shagunan Amurka da Turai.

Musun da ya biyo baya ya ƙetaro teku. A zaurukan WhatsApp na masu tace finafinan Hausa, da masu zanen fosta da kalanda, da samarin da ke haɗa kwamfuta a shaguna tun daga Kano har Computer Village da ke Ikeja, tambaya guda ake ta maimaitawa: wanne ya fi gudu? Wannan ya turo hoton jadawalin gwaji, wancan ya turo nasa, a kwana ana ja-in-ja. Abin da ake mantawa shi ne, yawancin gwaje-gwajen nan a ɗaki mai sanyi aka yi su, a garin da wuta ba ta ƙiftawa, kuma mai gwajin idan kaya ya lalace yana da inda zai mayar. Wanda zai haɗa kwamfutar girke a garin da zafin Afrilu ke haura maki 40, wuta na zuwa tana tafiya, dala kuma ta yi wa naira fintinkau, gudu shi ne abu na ƙarshe da ya kamata ya tambaya. Kafin nan akwai batun yawan wutar da abin zai sha, da yadda zai jure zafi, da shekarun da mazauninsa zai yi yana karɓar sabon kaya.

Ga wanda bai saba da harkar ba, furosesa ɗan faifai ne da bai cika tafin hannun yaro ba, kuma shi ke yin duk lissafin da kwamfuta ke gudana a kai. A cikinsa akwai ƙwayoyin aiki, kowace tamkar ma'aikaci guda, wani yana da shida, wani takwas, wani har 24. Ba ya zama shi kaɗai. Ana dasa shi a kan modabod, babban allon nan da RAM da katin girafik da sauran kaya ke hawa, a wani gurbi da ake kira soket. Kowane soket da irin furosesan da yake karɓa. Na Intel ba ya shiga gurbin AMD, kuma sau da yawa sabon Intel ma ba ya shiga gurbin tsohon Intel.

A kan wannan gurbin halin kamfanonin biyu ya sha bamban. AMD ya buɗe soket ɗin AM4 a 2016, Ryzen na farko ya hau shi a watan Maris na 2017. Mutane da yawa da suka sayi modabod mai lamba B350 a wannan shekarar suka dasa masa Ryzen 5 1600, bayan shekara biyar sun sabunta BIOS, wato manhajar da ke cikin allon, suka cire tsohon suka saka Ryzen 7 5800X3D na 2022, ba su canza allo ba, ba su canza RAM ba. Har a 2024 kamfanin yana fitar da sababbin furosesa na wannan tsohon gurbi. Gaskiya ne ba a ruwan sanyi aka samu hakan ba. A 2020 AMD ya so ya rufe wa tsofaffin alluna ƙofa daga jerin Ryzen 5000, sai da masu saye suka yi masa caa sannan ya janye. Duk da haka, a ƙarshe mai saye ne ya ci riba. Magajin AM4, wato AM5, ya zo a watan Satumba na 2022, kuma a baje kolin Computex na birnin Taipei a 2024 kamfanin ya yi alkawarin ci gaba da shi har 2027 da bayanta.

Intel kuwa ɗabi'arsa ce sauya gida da wuri. LGA1200 na 2020 zubi biyu ya ɗauka, na 10 da na 11. LGA1700 na ƙarshen 2021 ya ɗauki uku, na 12 da na 13 da na 14, ko da yake na 14 ɗin kusan na 13 ne aka ƙara masa ɗan gudu aka sauya suna. Da Core Ultra 200S ya zo sai ga sabon gurbi, LGA1851, wanda ke nufin sabon modabod ga duk mai son sa.

Ga mai albashi da dala wannan ƙaramin ɓacin rai ne. Ga mai samun naira kuwa lissafi ne mai ciwo. Kafin Babban Bankin Nijeriya ya saki naira a kasuwa a watan Yuni na 2023, dala a hukumance tana wajen naira 460. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. A wannan farashin, modabod matsakaici na dala 150 ya kama naira 225,000 kafin a ɗora kuɗin jirgi da na kwastan da ribar mai shago. Wanda zai iya ƙara wa kwamfutarsa ƙarfi bayan shekara uku ta hanyar sauya faifai guda ya tsira da wannan kuɗin gaba ɗaya, har ya sayar da tsohon furosesan ya rage zafi.

Sai batun wuta, inda takardun talla suka fi rikita mutane. Core i9-14900K na Oktoban 2023, wanda har yanzu wasu ke kallo a matsayin sarkin kasuwa saboda yana kai gigahaz 6, Intel da kansa ya rubuta cewa zai iya jan wat 253 idan aiki ya yi nauyi. Furosesan kaɗai ke nan, ba a sa katin girafik da allon kallo ba. Ryzen 7 9700X na Agustan 2024, mai ƙwayoyi takwas, wat 65 aka rubuta masa, a aikace kuma yakan tsaya a wajen 88. Babu mai musun cewa i9 ɗin ya fi shi saurin gama aiki mai nauyi, amma ratar gudun ba ta kai ratar shan wutar ba, ko kusa.

Mai shago da ke kan inbata shi ya fi kowa sanin ma'anar wannan. Batir mai amfiya 200 da bolt 12 yana ɗauke da kilowat 2.4 na awa guda a takarda, kuma idan irin mai ruwa ne ana son ya daɗe, rabin hakan ake ci. Kwamfutar da ke jan wat 400 za ta lashe wannan rabin cikin kimanin awa uku. Wadda ke jan 200 za ta kai awa shida. Tsakanin awa uku da shida akwai bidiyon biki guda da aka yi wa uwar amarya alkawarin bayarwa da safe. Wanda ke kan layin Band A kuma, tun da aka kai kuɗin wuta naira 225 kan kowane yunit a watan Afrilu na 2024, ya koyi kallon mita. Rarar wat 150 na awa takwas a kwana 26 na aiki ta haura yunit 31, wajen naira 7,000 ke nan a wata a wancan farashin, idan har injin yana cikin aiki mai nauyi duk tsawon lokacin. Ba kowace rana ake haka ba, amma mai tace fim ya san ranakun da ake yi.

Adalci ya sa a faɗi cewa Intel ya ji kukan. Core Ultra 200S ya rage shan wuta sosai idan aka gwada da zubi na 14, musamman a wasanni da ayyukan yau da kullum, duk da cewa manyansu har yanzu an ba su damar kaiwa wat 250. Akwai ma wurin da ya fi: idan kwamfuta na zaune ba ta komai, kamar a ofis inda ake buɗe takarda a tafi salla a dawo, furosesan Intel yakan sha ƙasa da na Ryzen 7000 da 9000. Don jerin Core Ultra 200S, Intel ya ajiye Hyper-Threading, dabarar da ya kawo wa kwamfutar girke tun 2002 a kan Pentium 4, har ya miƙa wa TSMC na Taiwan ƙera babban sashen faifan, kamfanin da shi ne dama ke ƙera wa AMD. Wato a wannan zubin, abokan hamayyar biyu a maƙera ɗaya aka yi musu aiki.

Duk wutar da furosesa ya sha, zafi take zama. Ba ta da wata mafita. Ryzen na zamani idan ya kai maki 95 sai ya fara rage gudu da kansa don kada ya ƙone, Intel zubi na 13 da na 14 kuma a maki 100. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take turawa a kan ƙarfe. Idan iskar ɗakin maki 22 ce, kamar inda ake yawancin gwaji, akwai sarari mai yawa. Idan 38 ce, a shago mai rufin kwano a watan Afrilu, an cinye maki 16 tun kafin a kunna. Ga kuma ƙurar hunturu da ke toshe haƙarƙarin ƙarfen sanyayawa cikin 'yan makonni. Sai ka tarar mutum ya biya kuɗin i9 amma injinsa yana tafiyar i7, saboda rabin yini yana ja da baya don ya tsira da ransa. Furosesa mai wat 65 da fanka mai kyau ta iska yana ba da abin da aka saye shi dominsa a kowane wata na shekara.

Akwai kuma wani tabo da bai kamata a rufe shi da zane ba, domin kasuwarmu ta kayan hannu ce. A cikin 2024 ƙorafi ya yi yawa cewa manyan furosesan Intel na zubi na 13 da na 14, musamman i9 da i7, suna tsinkewa ana tsakar aiki, wasanni na rufewa, allo na komawa shuɗi. Bayan watanni ana nuna wa juna yatsa tsakanin kamfanin da masu ƙera modabod, Intel ya amsa cewa ƙarfin wutar da ke shiga faifan ya wuce kima, yana cinye shi a hankali. Ya fitar da gyara ta hanyar BIOS, mai lamba 0x129 a Agusta da 0x12B a Satumba, ya kuma ƙara shekara biyu a kan garanti. Amma gyaran rigakafi ne. Faifan da ya riga ya ciwu ba ya warkewa.

Ina waɗannan faifan za su ƙare? Duk wanda ya san yadda kayan Turai da Amurka ke gangarowa kasuwanninmu ya san amsar. Za a ga i9-13900K a farashi mai daɗi, yana ƙyalli, ya kunna lafiya a gaban mai saye, ya buɗe Windows. Ciwon ba ya nunawa sai an ɗora masa nauyi na awa ɗaya ko biyu, lokacin an riga an kai shi gida. Garantin shekara biyar kuma ba ya amfanar wanda ya saya hannu da hannu babu rasit. Shawarar wannan shafi a nan ba ta da kwana-kwana: i7 da i9 na zubi na 13 da na 14, idan na hannu ne, a bar su inda aka gan su. Zubi na 12, irin su i5-12400 da i7-12700, wannan ciwon bai shafe su ba, kuma har gobe kaya ne masu albarka.

AMD ma ba a wanke yake tas ba. A watan Afrilu na 2023 an ga hotunan Ryzen 7 7800X3D da suka kumbura suka ƙone har da soket ɗinsu, saboda wasu alluna suna tura wa wani sashe wuta fiye da kima. An taƙaita ta zuwa bolt 1.3 ta sabon BIOS cikin makonni. Jerin Ryzen 9000 kuma sai da aka ɗage fitowarsa daga ƙarshen Yuli zuwa Agustan 2024, da ya fito masu gwaji suka ce ƙarin da ya yi a kan 7000 a wasanni bai taka kara ya karya ba. Bambancin shi ne matsalar ƙonewar ta AMD an gano ta da wuri, ta kuma nuna kanta a fili, ta Intel kuwa ta ɗauki lokaci tana cin kaya a ɓoye.

Yanzu a zo ga gudu, tunda shi ake so a ji. A wasanni babu dogon zance: a gwaje-gwajen ƙarshen 2024, 9800X3D ne a gaba. Sirrinsa ma'ajiyar kurkusa ce mai megabait 96 a jikin faifan, inda bayanan da wasa ke yawan nema ke zama kusa, ba sai an je RAM an ɗauko ba. Core Ultra 9 285K da ya fi shi tsada ya kasa kamo shi, a wasu wasannin ma 14900K da ya gada ya wuce shi, har jami'an Intel suka fito suka amsa cewa fitowar ba ta tafi yadda suka tsara ba. Sai dai mutum nawa ne a cikin masu karanta wannan jarida za su haɗa kwamfuta don wasa kawai? Kuma fifikon nan ba ya bayyana sosai sai da katin girafik mai tsadar gaske. Wanda zai haɗa 9800X3D da ƙaramin kati ya sayi doki ne ya ɗaure shi a turke.

Masu tace bidiyo su ne ke da hujja mafi ƙarfi ta kallon Intel, kuma a Kano da Kaduna da Jos ba su da kaɗan. A jikin furosesan Intel akwai wani sashe mai suna Quick Sync da ke warware bidiyon da kyamara ta matse, irin H.264 da HEVC, har da nau'in HEVC mai 10-bit 4:2:2 da kyamarorin Sony da Canon na zamani ke ɗauka. Premiere Pro da DaVinci Resolve suna iya amfani da shi, sai hoto ya riƙa tafiya sumul a kan layin tacewa maimakon ya riƙa cijewa. Core Ultra 7 265K, mai manyan ƙwayoyi takwas da ƙanana 12, ya fito a kan dala 394, a 2025 kuma aka zaftare farashinsa zuwa wajen 300. A wannan kuɗin, ga wanda sana'arsa tacewa ce daga safe zuwa dare, yana da wuya a samu abin da ya fi shi, ko da kuwa an san gurbinsa ba lallai ya daɗe ba. Abu guda ne za a kiyaye, kuma ana yawan faɗawa cikinsa: duk furosesan Intel da lambarsa ta ƙare da harafin F, kamar 265KF, an kashe masa sashen hoto, Quick Sync kuma a cikin wannan sashen yake. Mai tacewa da ya ɗauki KF don ya rage 'yan daloli ya zubar da dalilin da ya kawo shi wurin Intel tun farko. Katunan Nvidia na jerin RTX 50 da suka fara fitowa a Janairun 2025 su ma sun iya warware 4:2:2, don haka wanda zai sayi ɗaya daga cikinsu yana iya hawa Ryzen hankalinsa kwance.

Sauran jama'a, kuma su ne mafi yawa, ba sa buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan manyan. Mai shagon buga takardu da CorelDRAW, ɗalibin gine-gine mai AutoCAD, akanta, mai rubuta manhaja: Ryzen 5 7600 ko 9600X mai ƙwayoyi shida a kan modabod B650 ya ishe su shekaru, kuma ƙofar ƙari a buɗe take. Wanda ba shi da kuɗin katin girafik yanzu ya duba Ryzen 5 8600G na Janairun 2024, wanda sashen hotonsa na ciki ke da ƙarfin ɗaukar zane da ƙananan wasanni. Kuɗin da aka rage a kan furosesa a zuba shi inda ake yawan yin rowa: fawa fak na gaske mai suna, UPS, da SSD. Kwamfutoci nawa ne suka mutu a garuruwanmu saboda furosesa ya yi rauni, nawa ne kuma saboda an kawo wuta da ƙarfi ta bi ta fawa fak na bogi?

Kalmar AI da ake mannawa a kwalaye kuma kada ta ɗauki hankalin kowa. Core Ultra 200S na da ɗan sashe na ayyukan ƙirƙirarriyar basira, amma ƙarfinsa 13 ne a ma'aunin TOPS, alhali Microsoft 40 ya gindaya kafin ya kira kwamfuta Copilot+.

Inda ƙirƙirarriyar basira ta taɓa aljihun mai saye da gaske shi ne RAM. AM5 da LGA1851 duka DDR5 kaɗai suke karɓa, kuma a watannin ƙarshe na 2025 farashinsa ya yi tashin gwauron zabi saboda manyan cibiyoyin bayanai suna kwashe abin da masana'antu ke ƙerawa. Wannan ya dawo wa tsofaffin gurabe da daraja. Wanda yake da DDR4 mai gigabait 16 ko 32 a tsohuwar kwamfutarsa zai iya ɗora shi a kan AM4 da Ryzen 5 5600 ko 5700X, ko a kan LGA1700 mai DDR4 da i5-12400, ya samu injin da zai yi masa aiki ba tare da ya shiga kasuwar RAM ba. Ba za a kira shi sabon yayi ba, amma yana hawa Windows 11, kuma hakan ya zama dole tun da Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025. Tsofaffin HP da Dell na ofis masu zubi na 6 da na 7 da suka cika shaguna a farashi mai sauƙi ba sa cikin jerin da Windows 11 ya amince da su, domin daga zubi na 8 ya fara a ɓangaren Intel, daga Ryzen 2000 kuma a ɓangaren AMD.

Akwai masu cewa a jira na gaba, wai yana dab da fitowa. Tun da Intel ya kafu a 1968, AMD ya biyo a 1969, ba a taɓa rasa wani na gaba da ke tafe ba. Wanda kwamfutarsa ke yi masa aiki yana iya jira. Wanda kwastoma ke tsaye a ƙofar shagonsa kuwa, kowane wata na jira kuɗi ne da ya wuce, kuma sabon zubi kan iso nan a makare, da tsada, da BIOS ɗin da bai gama nuna ba. Abin da ya faru da 7800X3D da 285K duka a watannin farko na fitowarsu ya faru.

A ranar saye, a buɗe murfin soket a haska fitilar waya a duba. A AM5 da gurbin Intel duka, ƙananan alluran suna jikin modabod ne, 1,700 ko fiye, kuma guda ɗaya da ta lanƙwashe ta isa ta hana RAM aiki. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar faifan. Wanda ya haɗa Ryzen 9000 da allon B650 da ya daɗe a kan kanta zai iya tarar da shi ya ƙi tashi sai an sabunta BIOS. Alluna da yawa na da ɗan maɓalli a baya da ke yin wannan aiki da filashi, ko babu furosesa a kai, kuma yakan ɗauki 'yan mintoci. A yi shi a kan UPS ko inbata mai cikakken caji, domin idan aka ɗauke wuta ana tsakar rubuta BIOS, allon na iya ƙin tashi daga nan, sai an kai shi wurin mai gyara.